Ranar da Hujjoji Suka Zo da Buhuna

Malam Kamilu mutumin kirki ne, wannan ba na ja da kowa a kai. Ba ya zagi, ba ya sayar da maki, kuma kullum sai ya taso a babur daga Maradun ya iso Mafara tun mai shara bai gama share ofis ba. Aibinsa ɗaya, ya tsani kalmar nan "an ce" kamar yadda akuya ta tsani ruwan sama. Shekara huɗu ya yi yana koya wa ɗaliban Kwalejin Tsamiya Biyu rubutun jan ra'ayi mai hujja, wato ka fita ka yi bincike, ka tara shaida, sannan ka rubuta abin da zai sa mutum ya ajiye ra'ayinsa ya bi naka. Duk ɗalibin da ya kuskura ya rubuta "an ce," sai Malam ya zagaye wurin da jan biro har takarda ta huje, ya rubuta a gefe: "Wa ya ce? Ɗan wa? A ina?"

Wata ranar Litinin shugaban kwalejin, Dakta Khalifa, ya aika a kira shi. Mutum ne mai son fanka da kujera mai juyawa, kuma ba ya ɓata yawu a banza.

"Malam Kamilu, kwas ɗin nan naka, me yake haifarwa?"

"Tunani, ranka ya daɗe."

"Tunani! To ni in nuna wa baƙi tunani? Masu koyon gyaran waya ga wayoyin da suka gyara. Masu kiwon kaji ga kajinsu, ko da rabi sun mutu. Farkon damina masu tantancewa za su zo daga Abuja. Ka nuna musu rubutu ɗaya tak da ya motsa wani ɗan Adam daga inda yake zaune. In babu, na soke kwas ɗin, ajinka kuma na ba masu kaji, dama suna kukan wuri."

Kamilu ya fito yana lissafi. Ba shi da wani kwas bayan wannan, ba shi da gona, ga mata da 'ya'ya huɗu a Maradun. In aka soke, to an soke shi ne gaba ɗaya.

Ya koma ya zube takardun ɗalibai arba'in da uku a kan tebur, ko Allah zai sa a dace. Ina! Talatin daga waya suka kwafo. Wani Mubarak ya rubuta shafi shida yana roƙon a rage cunkoso a jirgin ƙasan da ke bi ta ƙarƙashin ƙasa, a garin da ko ta saman ƙasar jirgi bai taɓa bi ba. Wani kuma a wurin da ake jera manazarta ya rubuta "kowa ya sani," ya ja layi biyu a ƙarƙashi.

Can ƙasa ya ci karo da takardar Hanifa, wata yarinya 'yar Damri ta ƙasar Bakura, mai zama a kujerar baya ba ta cika magana ba. Ta rubuta a kan magudanar ruwan da ke shayar da fadamarsu, yadda ciyawar kachala ta cinye ta har ruwa ya daina kai wa gonakin ƙarshe, tana kira ga manoma su yi gayya su yashe ta. Rubutu ne mai rai, kana karantawa kana jin warin laka. Zuciyar Kamilu ta yi tsalle. Sai kuma idonsa ya faɗa kan layi na uku: "Dattawa sun ce shekara tara rabon da a yashe ta."

Ya kira ta. "Waɗanne dattawa?"

"Malam, ai babana na cikinsu."

"Baban naki ba shi da suna?"

Ta sunkuyar da kai. Wace 'yar mutunci ce za ta kama sunan mahaifinta gatsau a gaban malami? Shi kuwa ya ɗauki shirun nan a matsayin rashin hujja. A ranar ya zauna ya tsara mata fom, ya kai shagon kwamfuta aka buga, da layuka da gidaje ras kamar na banki. Suna. Sunan mahaifi. Unguwa. Lambar waya. Girman gona. Daga ƙarshe wani ɗan akwati na dangwala yatsa.

Jama'a, ku duba mini wannan aiki! A Damri, ana saura 'yan makonni ruwa ya sauka, a shigo da takarda mai tambayar sunanka da girman gonarka, a ce ka dangwala. Ko jaririn goye ya san takardar mece ce. Mutumin da ya karanta littafi ya fi buhu goma shi kaɗai ne bai sani ba.

Hanifa ta juya fom ɗin, ta ce a hankali, "Malam, in anka ga takarda irin wagga a garinmu..."

"In anka gani! Hasashe ke nan. Mu ba ma aiki da hasashe. Je ki kawo mini sunaye."

Ta tafi. Mahaifinta, wanda ake kira Malami, manomin albasa ne da shinkafa, dattijon da in ya ce ga wata ba a fita a duba sama. Bayan an sauko Juma'a ya sa aka shimfiɗa mata tabarma a gindin wata bishiyar bedi, shi ya fara dangwalawa don ya ƙarfafa wa ɗiyarsa gwiwa. Wallahi yarinyar nan ta faɗa. Ta faɗa da bakinta ya fi sau ashirin cewa aikin makaranta ne, ba a raba komai. Mutane suka gyaɗa kai cikin fahimta, domin duk mai rubuta sunaye haka yake cewa don kada a yi masa yawa. Layi ya miƙe har bakin rijiya. Mai kadada ɗaya ya zama mai biyar. Wani ya dangwala da babban yatsa, ya zagaya ya dawo ya dangwala da ɗan ali da sunan wansa da ya rasu bara waccan. In ka haɗa gonakin da aka rubuta a ranar, sun fi ƙasar Bakura faɗi har sun ɗan taɓa Maradun.

Ta dawo da sunaye ɗari uku da goma sha biyu. Kamilu ya rungume takardun kamar an yi masa haihuwa. Tambaya ta farko, ko ka yarda a yi gayya a yashe magudana? Kowa ya ce e. Ɗari bisa ɗari! Tambaya ta biyu, wadda ya saka don adalci ga masu adawa, ko ka fi son a bar ta yadda take? Nan ma kowa ya ce e.

"Malam," in ji Hanifa, "ba su ma saurari tambayar ba."

Ya gani, kada wani ya ce bai gani ba. Amma saura kwana tara baƙi su zo, kuma tsoro ya fi ilimi ƙarfi a cikin mai 'ya'ya huɗu. Sai ya gyara zaman tabarau ya ce, "Wannan yana nuna mutanenku masu faɗin ƙirji ne, suna ganin kowane ɓangare. Mu cire tambaya ta biyu don kada rubutun ya yi tsawo." Da za ta fita, don ya faranta mata, ya ƙara da cewa, "Ki gaya wa babanki ranar Laraba manyan baƙi daga Abuja za su ga sunansa da idonsu."

Ta gaya wa babanta. Babanta, cikin jin daɗi, ya gaya wa mutum biyu a masallaci. To, ga takarda, ga dangwale, ga manya daga Abuja, ga rana an sa. Me kuma ya rage?

Ranar Talata aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, ruwan shuka na farko. Laraba ta waye ƙasa ta jiƙu sharaf, ranar da manomi ko ɗaurin auren ƙaninsa ake yi sai ya aika da uzuri. A babban ɗakin taron kwaleji an tayar da janareta, an kunna majigi. Shugabar baƙin, Farfesa Amira, tana zaune a gaba tana ta hamma, domin tun safe ake zagayawa da ita kejin kaji. Kamilu ya tsaya cikin sabuwar shadda, Hanifa a gefensa riƙe da takardu. Ya kai daidai inda yake cewa "ɗari bisa ɗari" sai aka fara jin ƙugin motoci a ƙofa. Mai gadi ya leƙo ta taga yana yafuto shi, idanu waje.

Kamilu ya fita. Innalillahi! A-kori-kura huɗu, babura ba adadi, mutum ya kai ɗari biyu, kowa da buhu ninke a hammata, wasu har da igiyar ɗauri. A gaba wani dogon tsoho ne mai sanda, Bappa, dillalin shanu, wanda aka wakilta ya yi magana saboda bakinsa ba ya ciwo.

"Salamu alaikum. Malam, an kwana lahiya? Ina gajiya? Ya iyali? Ya ruwa?"

"Ruwa ya yi gyara," in ji Kamilu da busasshiyar murya.

"To madalla. Mu dai takinmu munka zo ɗauka, mu koma, ka ga ƙasa ba ta jira."

"Wane taki?"

Bappa ya yi murmushi irin na wanda ya saba da wasan ma'aikata. "Haba Malam. Wanda anka rubuta mu."

A nan ne Malam Kamilu ya ga ranar da ilimin shekara huɗu zai yi aiki. Ga masu sauraro, ga ra'ayin da ake so a juya, ga gaskiya kuma a hannunsa tsantsa. Ya hau kan benci, ya gyara murya. Ya fara da yabon manoma, kamar yadda yake koyarwa, don a sayi zuciyar mai sauraro. Sannan ya jero hujjoji. Ta ɗaya, fom ɗin ba shi da hatimin hukuma. Ta biyu, ku duba da kyau, babu kalmar taki ko sau ɗaya a ciki. Ta uku, kwalejin ba ta da sito. Ya yi ta huɗu da ta biyar, ya kawo abin da mai ja zai iya cewa ya rusa shi, ya rufe da ta bakwai yana nuna sama. Ni dai ban taɓa jin jawabi mai tsari irinsa ba. Da ɗalibi ne ya yi, da ya ci maki duka.

Mutane suka saurara tsit har ya gama. Bappa ya dogara da sandarsa.

"Malam, shekara arba'in ina kasuwar shanu. Wanda saniyatai ke da lahiya, cewa yakai, ga ta nan, duba. Amma wanda yat tsaya yana lissaho maka dalili har bakwai, to wallahi saniyar nan tana da ciwo."

"Ƙwarai!" taro ya amsa.

"Kuma in babu taki, mi yas sa kat tambayi girman gonata? Gadonta za ka ci?"

Kamilu na nan tsaye a kan benci sai ga Dakta Khalifa ya fito da baƙi, domin hayaniya ta hana zama. Farfesa Amira ta dubi taron ta ce, "Su wane ne waɗannan?"

Dakta Khalifa bai san komai ba, amma ba a banza ya zama shugaba ba. Ya dubi takardun hannun Hanifa, ya dubi jama'a, nan take ya haɗa lissafi. "Ranki ya daɗe, mutanen da ke cikin binciken ɗalibarmu ne. Rubutun ya ratsa su, shi ne suka taso da kansu."

"Buhunan fa?"

"Na kwashe ciyawar magudana ne."

Hamma ta bar Farfesa nan take. Ta dafe ƙirji. Ta ce ta zagaya makarantu sun fi sittin, ba ta taɓa ganin rubutun ɗalibi ya tayar da ko mai gadi daga kujera ba, balle gari guda. Ta juyo wajen Kamilu, biro a hannu, littafin rahoto a buɗe.

"Malam, ka tabbatar mini. Duk mutanen nan saboda takardar nan suka zo?"

Ya dubi Hanifa, idonta ya ciko, tana girgiza masa kai a hankali. Ya hango wani dattijo can baya cikin farar rigar Juma'a, shi kaɗai ne bai riƙe buhu ba, yana ta miƙa wuya don ya ga ɗiyarsa a cikin manya. Kalma ɗaya ce tsakanin ajin Kamilu da kejin kaji. Kuma ai ba ƙarya ba ce, ko? Saboda takardar suka zo.

"Ƙwarai kuwa, ranki ya daɗe," in ji shi.

Farfesa ta rubuta. Sannan ta ce a yi hoto. Aka jera manoma, aka ce kowa ya ɗaga buhunsa sama, ita a tsakiya, Dakta a dama, Kamilu a hagu. Waya ta yi ƙyas, ƙyas. Baƙi suka shiga motarsu mai sanyi suka kama hanyar Gusau don kada la'asar ta same su a daji.

Bappa ya ninke buhunsa gida huɗu, ya mayar hammata.

"An ɗau hoto," ya ce. "An raba ke nan."

Duk wanda ke wurin ya san ma'anar wannan. Sun sha gani. In dai an jera ka da buhu an ɗauki hoto, to a takarda ka karɓa, ka shuka, har ka girbe. Yanzu babu sauran shakka taki ya zo, tambaya kawai ita ce yana gidan wa. Ba su dubi Dakta ba, don ya riga ya shige ofis. Ba su dubi Kamilu ba, shi baƙo ne, gobe ba za su gan shi a masallaci ba. Kawuna suka juya wajen mai farar riga.

"Malami," wani ya ce, "ɗiyarka tar rubuta mu. Kai kah hwara dangwalawa."

"Mun bar shuka yau sabadda maganakka."

"Buhu nawa anka ba ku, kai da ita?"

Wannan ta ƙarshe daga baya ta fito, ba a ga mai faɗa ba, amma kowa ya ji. Hanifa ta saki takardun suka watse a laka. Dattijon ya ɗago kai, muryarsa ko rawa ba ta yi.

"Shina gidana. Can anka aje. Ku taho gobe da hantsi."

"Baba!"

"Yi shiru."

Washegari Dakta Khalifa ya tari Kamilu da hannu biyu, har da ba shi kujera. Kwas ya tsaya daram. Ba ma tsayawa kawai ba, Farfesa ta ba da shawara a wajabta shi a kowane sashe, daga baɗi ɗalibai ɗari shida za su bazu ƙauyuka da fom, Morai, Jangebe, ko'ina. Kamilu ya yi godiya. Abin da ya roƙi Allah ke nan dare da rana, ga shi ya samu, amma ji yake kamar ya haɗiyi garwashi. Bai shiga aji ba. Ya tayar da babur ya nufi Damri.

Tun daga nesa ya hango layi a ƙofar gidan. A zaure Malami na zaune a kan turmi, gabansa buhunan taki shida da ya saya da guminsa bayan ya sayar da albasar rani, waɗanda ya tanadar wa shinkafarsa ta bana. Huɗu sun riga sun kwanta wayam. Hanifa na tsugune a gefe, idanu jajir, tana kiran sunaye daga takardun da laka ta ɓata, shi kuma yana auna wa kowa da ɗan kwano, ya shafe baki da hannu, ya juye.

Abin haushin, mutane murna suke. Bappa ya fito yana leƙa ɗan abin da ke gindin buhunsa, ya ga Kamilu ya washe baki. "A'a, Malam mai dalili bakwai! Ka gani? Ai yanzu ni yarda na gwamnati na. Da ya yi yawa da na yi shakka."

Kamilu ya cire takalmi ya durƙusa a gaban dattijon. Aka gaisa, gaisuwa mai tsawo, gida da iyali da hanya da ruwa, kwanon bai tsaya ba. Kunya ta hana shi ɗaga ido.

"Baba, laifina ne. Ta gaya mini, ban saurara ba. Ka bari in tashi in faɗa musu gaskiya."

"Jiya ka hwaɗi gaskiya har bakwai, Malam, ka ga inda tak kai mu. Zamna."

"Amma gonarka..."

"Gona in ta ƙi bana, ta yi baɗi. Ita ko ɗiya mace, in anka ce ta ci takin gari, har jikokinta sai sun ji." Ya juye kwano a buhun wani. "Wa ka biye, Hanifa?"

Ta kira suna. Mutumin ya matso. Can dattijon ya dubi Kamilu, ba da fushi ba, da ma fushin ne da ya fi sauƙi.

"Ta ce mani aikinka na bisa siraɗi. Ya tsaya?"

"Ya tsaya, Baba."

"To alhamdu lillahi. Ko banza gonar wani ta yi kyau bana."

Ya kama buhu na biyar ta gindi ya zazzage, ya jawo na ƙarshe ya fara kwance bakinsa. Layin bai ko kai rabi ba.